Katantanwa Mai Igiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙera Mariƙinta

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Tun da na fara ƙera katantanwa mai igiya da 'yan aji biyar da shida a darasin kimiyya, tambayoyi ba su yanke mini ba. Yara na yi, iyaye na yi, abokan aikina malamai na yi, har kafintan garinmu da ya fara da yi mini dariya ya dawo yana neman awo. Na gaji da maimaita amsa a bakin masallaci da gindin tsamiya, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, mece ce katantanwa mai igiya, kuma me ya raba ta da wadda muka sani?

Wadda muka taso da ita kwanson dodon koɗi ce, shi ya sa wasu ke kiran wasan da koɗi. A goge bakin kwanson a kan dutse, a murza shi da yatsu biyu a kan rairayi, yana cikin juyi a nemi kife shi. Wanda ya kasa, bayan hannunsa ya gaya masa. Daga baya yara suka koma yin ta da murfin biro da murfin batir. Yarbawa ma suna da irin wannan wasa, suna ce masa okoto.

Ƙarfin waccan bai wuce ƙarfin yatsu biyu ba. Wannan kuwa ta fi girma da nauyi, yatsu ba za su iya tashinta yadda ya kamata ba. Sai a naɗe igiya a jikin sandarta, a riƙe ta a tsaye cikin wani ɗan katako mai huda, a fizgi igiyar. Wannan katakon shi nake kira mariƙi. Ɗalibaina kuwa janareto suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba, domin yadda ake tayar da janareto ko injin ban ruwa a fadama, haka ake tayar da ita.

Ba za a iya naɗe igiyar a jefa kawai ba, sai an yi mariƙi?

Za a iya. Haka ake yi a Indiya da Meziko da Jafan, a naɗe igiya a jikin katantanwar a wurga ta ƙasa. Sai dai wannan gwaninta ce ta hannu, yaro kan yi kwanaki yana jifa tana faɗuwa a kan gefe. Da mariƙi, ɗan shekara 6 zai tashe ta a gwaji na biyu ko na uku. Aikin mariƙin guda biyu ne: ya hana sandar karkacewa sa'ad da igiya ke janta gefe guda, sannan ya sake ta ba gardama idan an ɗaga shi. Na biyun nan shi ne inda mafi yawan masu ƙerawa ke faɗuwa.

Waɗanne kaya zan tanada?

Guntun katako na mariƙi, tsawon santimita 15, kauri kamar santimita 4 ta kowane gefe. Wani guntun mai faɗi na faifan katantanwar, faɗin santimita 7, kaurin santimita 1.5 zuwa 2. Sanda miƙaƙƙiya mai kaurin milimita 8, wato ta ɗara fensir kaɗan, tsawon santimita 10. Igiya santimita 50 zuwa 80, gwargwadon hannun mai ja. Sai zarto, wuƙa mai kaifi, samfefa, gam na katako da abin huda.

Duk wannan ba sai an je Kano ba. Ragowar katakon da kafinta ke zubarwa ya isa, igiya da samfefa kuma ana samu a kasuwar Gujungu ranar Lahadi.

Yaya ake sassaƙa mariƙin?

Ka auna santimita 2.5 daga ƙarshen katakon, ka huda shi daga sama har ƙasa. Wannan hudar ita sanda za ta shiga. Idan sandarka milimita 8 ce, hudar ta zama milimita 9, in ta yi yawa 9.5.

Sannan ka buɗe taga a kwance daga bakin katakon, ta ratsa ta cikin hudar ta wuce ta da kamar santimita 1.5. Tsayin tagar santimita 1.5 zuwa 2. Idan ka gama, bakin mariƙin zai zama kamar bakin kada a buɗe, leɓe a sama, leɓe a ƙasa, kowanne da hudarsa, hudojin biyu suna kallon juna. Sanda ta shigo ta leɓen ƙasa, ta ratsa tagar, ta fita ta leɓen sama. A cikin tagar igiya ke naɗuwa.

Ka fara yin huda kafin ka yanka tagar. Na taɓa yin akasin haka, na yanka taga sannan na huda kowane leɓe daban, hudojin suka saɓa da abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Wannan ɗan saɓanin ya isa ya sa sanda ta riƙa cijewa, na jefa mariƙin a murhu. Kada kowane leɓe ya gaza milimita 8 a kauri, in ba haka ba fizga ɗaya mai ƙarfi za ta tsaga shi.

Sauran katakon, wurin da hannu ke kamawa, ka rage masa kusurwa da wuƙa ka bi da samfefa, don kada ya sa wa yaro sartse.

Ba ni da injin huda katako. Shi ke nan na haƙura?

A'a. Maƙeri zai gasa maka ƙarfe ya huda. Hudar wuta ma tana da wata fa'ida, cikinta kan yi santsi saboda ƙunar. Abin lura shi ne ƙarfen ya shiga a miƙe, kuma wuta kan ci fiye da kaurin ƙarfen, don haka a yi amfani da wanda bai kai kaurin da ake so ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ka samo guntun bututun roba na ruwa, mai faɗin inci 1, tsawon taƙi guda. Ka huda shi a gicciye kusa da baki, hudar ta ratsa bango biyu. Ka gama. Cikin bututun shi ne tagarka, buɗaɗɗen bakinsa kuma ta nan igiya za ta fito. Da ƙusa mai zafi ake yinsa cikin minti biyar. Gora ma tana yi idan ta bushe sosai kuma ba ta da tsaga. Karan dawa ne dai ba ya yi, na gwada saboda yara sun matsa, fizgar farko ya ɓare.

Wane itace ya fi dacewa?

Na faifai ana son mai nauyi da tauri: ƙirya, marke, kanya, maɗaci ko tsamiya. Ƙirya ce ta fi su a wurina, amma samunta ya yi wuya yanzu, masu gawayi sun ci ƙarfinta. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, tana karɓar wuƙa da kyau. Darbejiya ita ce mai sauƙin samu kuma ba ta da laifi. Kuka da rimi kada ma a ɓata lokaci, ba nauyi ba ƙwari.

Na sanda ana son miƙaƙƙe mara gaɓa. Na mariƙi kowane busasshen katako zai yi. Kuma ba na yarda a sari ɗanyen itace saboda wannan wasa. Ban da ɓarnar, ɗanye yana lanƙwashewa idan ya bushe, aikin ya tashi a banza.

Na bi duk abin da ka faɗa, amma tawa tana rawa tana tsalle kamar mai bori, ba ta zama wuri ɗaya. Ina matsalar?

Sau tara cikin goma, sandarka ba a tsakiyar faifai take ba, ko kuma tana tsakiya amma ta shiga a karkace. Yara kan ɗauka ƙarfin fizga ne ya yi kaɗan, su ƙara ƙarfi, ita kuma ta ƙara hauka. Nauyin da ya rinjaya gefe guda yana jan katantanwar zuwa wancan gefen a kowane zagaye, kuma jan yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Gudu ya ninka biyu, jan ya ninka huɗu.

Maganin yana farawa tun kafin a yanka. Ka zana da'irar da kamfas na akwatin lissafi, inda tsinin kamfas ya soka nan ne tsakiya, ka huda nan tukuna, sannan ka yanke kewayen. Idan faifan ya riga ya yanku, kamar murfin roba ko wani abu da ka tsinta, ɗora shi a kan takarda ka zana gefensa, ka yanke takardar, ka ninke ta biyu, ka sake ninkewa. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya.

Bayan ka saka sanda, ga gwajin da nake sa kowane ɗalibi ya yi kafin ya taɓa igiya. Ka ajiye kofuna biyu masu tsayi ɗaya kusa da juna, ka kwantar da katantanwar, sanda ta hau bakin kofi ɗaya, ƙafarta, wato guntun sandar da ya fito ta ƙasan faifai, ta hau ɗayan, faifan yana rataye a tsakani. Ka ɗan juya ta ka saki. Idan kullum gefe ɗaya ne ke komawa ƙasa, shi ne mai nauyi. Ka sa masa alama da alli, ka kankare shi kaɗan da samfefa, ka sake gwadawa. Ko kuma ka kafa 'yar ƙaramar ƙusa a gefen da ke sama. Sai ta kai inda duk yadda ka ajiye ta haka take zama, sannan ta daidaita.

Wannan gwajin na cin lokaci, yara kuma ba su da haƙuri. Amma a ajina, wata yarinya siririya da ta shafe rabin yini tana kankara ita ce ta kayar da ƙattin samarin aji shida, tata na tsaye cak kamar an dasa ta, nasu sun daɗe da kwanciya.

Me ya sa faifai mai faɗi ya fi daɗewa a kan dunƙulalle, alhali nauyinsu ɗaya?

Saboda ba yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, har da nisansa daga sanda. Nauyin da ke santimita 3 daga tsakiya yana riƙe juyi ninki huɗu na irinsa da ke santimita 1.5. Nisan ake ninkawa da kansa. Don haka idan za ka ƙara nauyi, ka kai shi baki. Ƙusoshi huɗu ko shida masu kai, a jera su a kewaye da tazara ɗaya, suna canza katantanwa gaba ɗaya. Wasu kan naɗa wayar tagulla a gefen faifan.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa tana kaɗi ya ga wannan ilimi da idonsa. Mazari tsinke ne kawai, ba zai yi juyin kirki ba sai da gululun yumɓun da ke gindinsa. Gululun ne ke ajiye ƙarfin murzar da Inna ta yi, ya ci gaba da juya tsinken tana jan auduga. Kuma a ƙasa ake sa shi, ba a sama ba. Haka ita ma katantanwa, ƙafarta daga faifai zuwa tsini kada ta wuce santimita 1.5 zuwa 2. Mai doguwar ƙafa da wuri take fara layi.

Na taɓa aron tsohon gululu a wurin wata dattijuwa maƙwabciyarmu na nuna wa yara. Ta ba ni, amma sai da ta ce, "Malam, yanzu abin da muke yi tun muna 'yan mata shi ne ya zama karatun boko?" Na ce mata, "Inna, ai ku ne malaman, mu lissafin kawai muka ƙara."

Zan iya zuba dalmar tsohon batir don ƙarin nauyi?

Kada ka kuskura. Dalma guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Abin wasa kullum yana hannu, hannu kuma yana zuwa baki. Ƙusa da waya sun wadatar.

Wace irin igiya, kuma tsawon nawa?

Siririya mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa, kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Igiyar nailan saƙaƙƙiya irin ta magina ta fi kowace. Zaren ɗinkin buhu idan aka tufka shi biyu yana yi. Igiyar rama da ta kaba suna da kaushi da gashi-gashi, suna kama juna a cikin taga. Roba kuwa ba ta yi sam.

Tsawo ya danganta da hannun mai ja. Yaro santimita 50 zuwa 60, babba 70 zuwa 80. Dokar ita ce igiya ta ƙare kafin hannu ya ƙare. Idan hannunka ya kai iyaka da sauran igiya a jikin sanda, katantanwar da ke gudu za ta naɗe ragowar ta baya ta fizge ka, ko ta tsaya nan take.

A ƙarshen da ake kamawa ka ɗaura ɗan guntun itace kamar na janareto, don kada igiya ta yanki yatsa. Idan nailan ce, ka ɗan ƙona ɗaya bakin da ashana ka murza shi ya yi tsini.

A ina ake ɗaure igiyar a jikin sanda?

Ba a ɗaurewa. Ina maimaitawa domin kusan kowa a nan yake kuskure, ba a ɗaurewa, ba a ƙulli.

Ka saka sanda cikin mariƙi har faifai ya kusa taɓa leɓen ƙasa, ka sa alama a sandar daidai tsakiyar taga. Nan za ka yi 'yar ƙaramar huda a gicciye, wadda igiya za ta shiga ta fita a sake. Ka zura bakin igiyar kamar rabin santimita, ka juya faifan da hannu, igiya ta riƙa naɗuwa. Naɗi biyu na farko su ne ke danne bakin. Idan aka ja ta warware har ƙarshe, bakin ya zare da kansa. Wanda ya yi ƙulli, abin da ya ƙera zai koma kamar guga a bakin rijiya, igiya ta warware ta sake naɗewa.

Idan kana tsoron huda za ta raunana sandar, ka bar ta. Danne bakin igiyar da yatsa, ka bi ta kansa da naɗi uku, zai kama.

Gudun nawa take yi?

Wannan lissafin nake ba 'yan aji shida. Sanda milimita 8, igiya milimita 2, ke nan tsakiyar igiyar na zagaya da'ira mai faɗin milimita 10, wato santimita 1. Kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3.14, don haka kowane naɗi na cin santimita 3.14. Igiya mai santimita 60 za ta ba da naɗi 19.

A ce ka ja ta cikin daƙiƙa 1, ka fara a hankali kana ƙara sauri daidai wa daida. A ƙarshen jan, hannunka na tafiyar santimita 120 a daƙiƙa. Raba da 3.14, ka sami zagaye 38 a daƙiƙa, kusan 2,300 a minti. Ƙaramin janareto mai fetur zagaye 3,000 yake yi a minti. Ka ga sunan da yara suka laƙaba mata bai yi nisa da gaskiya ba.

To in rage kaurin sandar mana don gudun ya ƙaru?

A takarda haka ne. Siririyar sanda na ba da naɗi mai yawa daga igiya ɗaya. Amma jan zai yi tauri, kamar ka tashi keke a babban giya a kan tudu, kuma sandar na iya karyewa daidai wurin huda. Abin da katantanwa ke samu a ƙarshe shi ne ƙarfin da ka ja da shi sau tsawon igiyar da ka ja. Kaurin sanda ba ya ƙirƙiro ƙarfi, yana dai tsara yadda hannunka zai zuba shi. Ƙaramin faifai mara nauyi, sanda milimita 6 ta ishe shi. Babba mai ƙusoshi, 8 zuwa 10.

Akwai wata dabara da ke zuwa a kyauta. Idan tagar ba ta da tsayi, igiya kan hau kan 'yar'uwarta ta yi hawa biyu ko uku. Hawan waje shi ke fara warwarewa, yana da faɗi, jan farko ya zo da sauƙi. Na ciki shi ne ƙarshe, siriri, ya ba da gudu. Giya ce ke canza kanta. Sharaɗin dai naɗin ya zama a tsare, kada wani ya nutse a ƙarƙashin wani, kuma dunƙulen kada ya cika taga har ya riƙa gogar katako.

Yaya ake ja, kuma yaushe ake ɗaga mariƙi?

Ka durƙusa. Tsini ya taɓa ƙasa ko ya kusa, mariƙi a kwance daidai, hannun da ke riƙe da shi ya kafe. Ka ja igiyar a miƙe ta bakin taga, ba sama ba, ba ƙasa ba. Kada ka fara da fizga, ka fara da ja, sauri ya zo a ƙarshe. Igiya na fita, ka ɗaga mariƙi sama tsaye, ba gaggawa. Wanda ya ɗaga a karkace, leɓen sama zai doki kan sanda ya ture ta.

Bahago ba ya buƙatar wani mariƙi daban, ya dai sauya hannu.

Da rani tana fita sumul, da damina ta fara cijewa. Me ya faru?

Katako ya sha danshi ya kumbura, sandar ta ƙara kauri. Wanda aka ƙera a watan Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, shi ya fi yin haka idan Agusta ta zo. Ka bi sandar da samfefa kaɗan, ka goga mata kyandir ko kakin zuma, ko ka cuɗa bakin fensir a cikin hudar. Kada ka sa man gyaɗa ko baƙin mai, da hunturu ƙura za ta manne ta zama kamar kunu.

Amma kada gyara ya wuce gona da iri. Huda mai faɗi da yawa na barin sanda ta riƙa kaɗawa tana bugun gefe, ƙarfin ya tafi a ƙara. Tazarar milimita 1 ake nema, ta yadda idan ka riƙe mariƙi ka saki faifai, katantanwar za ta zame ta faɗo da nauyin kanta ba tare da ka girgiza ba.

Tsini fa, a fere shi kamar allura?

A'a, a fere shi sannan a dakusar da bakin ya zama kamar kan ashana. Mai kaifi sosai yana tona rami, ya kuma dakushe ta gefe guda. Wanda ya ɗan yi kumburi shi ke taimaka mata ta miƙe tsaye ko da an sake ta a ɗan karkace, domin gogar da gefen tsinin ke yi da ƙasa ita ke tura ta ta tashi. Ƙusa mai zagayayyen kai irin ta masu kujeru tana kyau. Mafi kyau duka ƙwallon boris na keke, a ɗan rarake gindin sanda a manna shi.

Wurin juyi kuma, sunan jiharmu ma ya gaya maka matsalar. Jigawa rairayi ce, rairayi kuwa na koɗi ne, wannan nutsewa take yi. A nemi siminti mai santsi, ko daɓe mai kyau, ko farantin silba, ko bayan tire. Mai ɗan zurfi a tsakiya ya fi, yana hana ta yawo, idan kuma biyu ake karawa yana haɗa su.

Me ke hana ta faɗuwa tana juyi, kuma me ya sa take layi kafin ta kwanta?

Abu mai juyi da sauri yana ƙin a sauya inda sandarsa ta dosa. Nauyi na son kayar da ita gefe, amma maimakon ta faɗi, sai kan sandar ya riƙa zagaya da'ira a hankali. Tana da gudu, zagayen na tafiya sannu. Iska da gogar ƙasa na rage mata gudu, zagayen na ƙara sauri da faɗi, har gefen faifai ya taɓa ƙasa.

Wani masani Bafaranshe, Leon Fuko, ya ƙera na'ura a kan wannan ɗabi'a a 1852 don ya nuna juyin duniya, ya sa mata suna jairoskof, daga baya irinta ta zama abin gane alƙibla a jiragen ruwa da na sama. Duniyar ma tana irin wannan layin, sai dai zagaye ɗaya na ɗaukar ta kimanin shekara 26,000.

Ɗana ya ga wata ta roba a kasuwa mai igiya mai haƙora. Ba ta fi wannan ba?

Kwaikwayon Beyblade ce, wata katantanwar kanti da kamfanin Takara na Jafan ya fitar a 1999. Maimakon igiya, wata siririyar roba ce mai haƙora da ke juya ƙaramin giya. Ta fi saurin shiryawa tunda ba naɗi. Amma ranar da haƙoran suka cinye ko giyan ya tsage, ba mai gyara maka ita a ƙauye. Tamu igiya ta tsinke a sauya, sanda ta karye a fere wata.

Wasan kansa ya girmi roba nesa ba kusa ba. An sami katantanwar katako cikin kayan kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda aka gano a 1922, mai shi kuwa ya rayu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A jihar Kelantan ta Malesiya manya ne ma ke gasar, da wata mai suna gasing da kan kai kilo 4, a tashe ta da igiya mai kauri ta haura awa guda tana juyi.

Za a iya sa igiyar ta koma da kanta kamar ta janareto?

Za a iya, amma ya fita daga sahun abu mai sauƙi. A janareto igiyar na ɗaure ne a jikin wani faifai daban mai nannaɗaɗɗen sifirin, da 'yan haƙora da ke kama injin idan an ja, su sake shi idan ya tashi. Ke nan sai ka ƙera abu uku a maimakon ɗaya. Wanda ke da mataccen janareto a gida ya kwance murfin ya nuna wa yara, amma a yi hattara, sifirin ɗin kan yi tsalle ya yanki mutum.

Yaya ake sa ta yi kuka?

Sai jikinta ya zama da rami. Ƙaramin duma busasshe, ko ƙodagon goruba da aka rarake, a ratsa sanda ta tsakiya a toshe gefen hudojin da gam, sannan a yanka 'yar taga a jikinsa mai kaifin baki. Iska na wucewa ta bakin tagar kamar yadda ake hura bakin kwalba. Babban rami murya mai kauri, ƙarami siririya. Daidaita irin wannan ya fi wuya, domin ba duman da Allah ya yi kaurinsa ɗaya ta ko'ina, sai an yi gwajin kofuna sau da yawa.

Mai son ado kuma ya yanka farar takarda daidai faifai, ya raba ta gida bakwai ya shafa launukan bakan gizo. Tana juyi launukan za su narke su koma fari-fari mai ɗan toka. Ja da rawaya kaɗai kuma su ba da ruwan goro.

Akwai haɗari ga yara?

Akwai kaɗan. Wuƙa, zarto da ƙarfe mai zafi aikin babba ne, yaro ya yi awo da samfefa da naɗi. Ƙwallon boris da ƙananan ƙusoshi a nisanta su da 'yan ƙasa da shekara 3, haɗiyewa suke yi. Ƙusoshin gefe a kafa su sosai a bi da gam, domin wadda ta kwance tana cikin gudu fita take kamar an harba ta. Tsohon faifan sidi yana juyi da kyau tunda a daidaice aka yi shi, faɗinsa santimita 12, amma mai tsaga kan tarwatse, kuma ba na barin a kara shi da wata. Mai ja ya duba bayansa kafin ya ja, na ga gwiwar hannu ta fasa wa ƙane leɓe.

Malam, sandar ta karye a cikin faifai, kuma na sa gam. In jefar?

Kada ka jefar, faifan shi ne mai wahalar. Yanke abin da ya rage daidai fuskar faifai, ka ɗora shi a kan katako mai huda, ka sa ƙusa mai kauri a kan guntun ka buga a hankali. In gam ɗin farin nan ne na kafinta, ɗiga masa ruwan zafi ka jira kaɗan, zai saki. Ka bar faifan ya bushe kwana biyu a inuwa kafin ka sa sabuwa. A wannan karon ka fere sandar ta shiga da ɗan matsi, gam ɗigo ɗaya kawai, ka sa hudar igiya ta yi ƙanƙanta, sannan ka koma kan kofuna biyu, domin sabuwar sanda kan zo da nata rinjayen.